A Daina Tambayar Fuska Labarin Zuciya a Ɗakin Intabiyu

Da mai neman aiki ya fita ya ja ƙofa, tun ƙarar takalminsa ba ta ɓace ba, akan sami wani a cikin kwamiti ya ajiye biro ya yanke hukunci. "Wannan miskili ne, ba zai iya zama da mutane ba." Ko kuwa, "Kun ga yadda ta shigo? Ai wannan da shugabanci aka haife ta." Na zauna a irin wannan teburi sau da yawa, na ji waɗannan kalamai, ni ma kuma na furta su. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne ƙarfin yaƙinin da muke faɗarsu da shi. Mutum ya yi shekara talatin halinsa yana ginuwa, mu kuma mu ce mun gama karance shi cikin minti ashirin, alhali rabin lokacin ma mu ne muke magana.

Yanzu abin har ya zama sana'a. Ana shirya wa masu ɗaukar ma'aikata bita, a koya musu wai wanda ya harɗe hannu a ƙirji mai taurin kai ne, wanda ya kawar da ido yana ɓoye wani abu, mai yawan cewa "ni" mai son kansa ne, wanda ya yi jim kafin ya amsa kuma a jefa shi rukuni kaza. Wasu suna raba mutane gida huɗu da launuka, wasu gida goma sha shida da haruffa. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: mafi yawansa zato ne aka sa masa rigar ilimi, kuma waɗanda zaton yake cutarwa su ne mutanen kirki masu ƙarancin magana. Ban ce babu abin da ake iya gani a fuska ko a ji a baki ba. Akwai. Sai dai bai kai yadda muke ɗauka ba, kuma muna nemansa a inda ba ya nan.

Wannan rabon mutane gida-gida na zamani ya samo tushe daga Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda a 1921 ya yi rubutu a kan masu karkata ga duniyar waje da masu karkata ga abin da ke cikin ransu. A kan tunaninsa ne wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers suka gina gwajin nan da ake kira MBTI a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, mai kasa mutane gida 16. Niyyarsu mai kyau ce, so suke kowa ya sami aikin da ya dace da shi. Amma babu ɗayarsu da ta yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma da aka zo aka auna gwajin kansa, sai aka ga mutane da yawa, a wasu binciken har kusan rabi, suna faɗawa wani gida dabam idan suka sake amsa tambayoyin bayan 'yan makonni. Kamfanin da yake sayar da gwajin ma yana gargaɗin kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata. To, idan takarda mai tarin tambayoyi da mutum ya amsa da hannunsa ta kasa tsayar da shi a gida ɗaya, ta yaya ni zan tsayar da shi da kallon yadda ya zauna a kujera? Shi kansa Jung, a wata hira da aka yi da shi a 1957, ya ce babu mutumin da yake zallar wannan ko zallar wancan.

Abin da masana suka fi aminta da shi yau ta wata hanya ya biyo, kuma hanyar tana burge ni domin daga harshe ta taso. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus ɗin Ingilishi suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tacewa, suna duba siffofin da suke tafiya tare, har aka tsaya a kan manyan ma'aunai biyar: son cuɗanya da jama'a, tsare aiki da cika alkawari, sauƙin kai, saurin shiga damuwa, da son sabon abu. Ma'aunai ne irin na tsawo. Babu wanda yake raba duniya biyu ya ce ga dogaye ga gajeru, domin yawancin mutane tsaka-tsaki suke, wannan ya ɗan ɗara wancan da yatsa biyu. Haka hali yake. Wanda ka kira mai shiru-shiru da wanda ka kira mai faran-faran, sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wadda ke tsakanin mutum ɗaya ranar da ya yi barci da ranar da bai yi ba.

A cikin biyar ɗin nan, wanda baƙo yake iya ganowa da ɗan daidaito a haɗuwar farko shi ne son jama'a, domin a sarari yake: murya, fara'a, yawan magana. Wanda kuwa ya fi nuna yadda mutum zai riƙe aiki, kusan kowane irin aiki, shi ne tsare aiki da cika alkawari. Haka Murray Barrick da Michael Mount suka samu a 1991 da suka tattara sakamakon bincike sama da ɗari. Shi wannan hali ba ya leƙowa ta fuska, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba kamar tsaftar shiga da zuwa kan lokaci, waɗanda kowa yakan yi ranar intabiyu. Mutumin da zai sake bin lissafi sau uku don kada kuskure ya wuce, wanda zai zo ranar da ya ce zai zo, wanda zai faɗa maka ya yi ɓarna tun kafin ka gano, ba shi da wani tambari a murmushi ko a zama. Ɗakin intabiyu yana haska halin da ba shi ne kan gaba ba, ya bar na kan gaban a duhu, mu kuma sai mu ɗauki wanda muka gani mu auna wanda ba mu gani ba da shi.

Wannan ba a takarda na fara saninsa ba. Wata shekara, a wani wurin da na yi aiki, muna neman wanda zai riƙe mana ajiyar bayanai. Mutum biyu suka kai zagayen ƙarshe. Na farko ya shigo da fara'a, ya kama sunan kowa tun gabatarwar farko, duk tambayar da aka jefa masa kafin ta sauka ya cafe. Ta biyu mace ce mai ƙaramar murya, idonta a kan teburi, takan yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta buɗe baki. An tambaye su kuskuren da suka taɓa yi a wurin aiki. Shi ya ce aibinsa shi ne yawan son aiki har ya manta da hutu. Ita kuwa ta ba da labarin yadda ta taɓa goge wani fayil bisa kuskure, da wanda ta fara sanar wa, da kwanakin da ta ɗauka tana sake haɗa shi daga takardu, da dokar da ta kafa wa kanta tun daga ranar. Da ta fita shugaban kwamiti ya dube ni, na ce, "Yallaɓai, tana da ilimi, amma ba ta da ƙarfin gwiwa." Aka ɗauki na farkon. Cikin 'yan watanni bayanai suka hargitse, kuma duk sanda aka tambaye shi, akwai wanda laifin yake kansa, ba shi ba.

Na koma na buɗe takardar da na yi rubutu a kanta ranar. A ƙarƙashin sunanta akwai layi wajen goma na abubuwan da ta ce ta yi. A ƙarƙashin nasa kuwa abin da na rubuta bai wuce "yana da kwarjini" da "ya iya magana" ba. Hujjar tana hannuna tun a ranar, da rubutuna, na tsallake ta na bi abin da idona ya so. Har yau ina jin nauyin wannan mata a raina, domin da bakina aka rufe mata ƙofa. Ta tafi ba mu sake jin labarinta ba, kuma haka abin yake kullum: wanda aka ƙi ba ya dawowa ya nuna wa kwamiti kuskurensa. Muna ganin waɗanda muka ɗauka kawai. Idan sun yi kyau mu ce idonmu ne, idan sun lalace mu ce sun canza hali. Da haka mutum zai yi shekara ashirin yana intabiyu, yaƙininsa yana ƙaruwa, ƙwarewarsa tana nan inda ya same ta.

Wani zai ce, ai labarin zuciya a tambayi fuska, kuma akwai binciken da ake kafa hujja da shi. A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal, a Jami'ar Harvard, suka nuna wa mutane gajerun bidiyo marasa sauti na malamai suna koyarwa, jimillar daƙiƙa 30 ga kowane malami. Abin da masu kallon suka ce game da malaman ya zo kusa ainun da makin da ɗalibai suka ba su a ƙarshen zango. A 2006 kuma Janine Willis da Alexander Todorov a Jami'ar Princeton suka nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke wa fuska hukuncin amana ko rashinta. Na yarda da duka biyun. Amma a duba abin da suka tabbatar. Kallon farko ya hango yadda ɗalibai za su ji game da malami, wato ra'ayi ya hango ra'ayi. Na biyun kuwa saurin hukuncinmu ya nuna, bai ce hukuncin daidai ne ba. Karin maganar ma tana da gurbinta. Uwa takan dubi fuskar ɗanta ta san yau akwai damuwa, domin ta san fuskar ranar da babu damuwa. Mai intabiyu ba shi da wannan. Bai taɓa ganin mutumin nan a ranar da hankalinsa yake kwance ba, da me zai gwada?

Akwai kuma alƙaluman nan da ake yawan maimaitawa a wuraren bita, wai kashi 7 cikin 100 na saƙo ne kawai yake cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Sun fito ne daga gwaje-gwaje biyu da Albert Mehrabian ya yi a 1967, inda aka furta kalma guda-guda da murya iri-iri, aka tambayi masu sauraro ko mai maganar yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya so. Shi kansa ya sha bayyana cewa sakamakon ya shafi maganar so da ƙi ne kawai, a lokacin da kalma da murya suka saɓa. Ba shi da alaƙa da mutumin da yake bayanin yadda ya gyara injin ko ya tsara kasafi. Duk da haka da waɗannan alƙaluma ake gaya wa masu ɗaukar aiki su rage sauraro su ƙara kallo, wanda a ganina shi ne mafi munin shawarar da za a ba su.

Batun gano maƙaryaci ma haka. Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike sama da 200 a 2006, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 24,000 da aka sa su bambance mai gaskiya da mai ƙarya. Matsakaicin dacewarsu kashi 54 ne cikin 100, alhali wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai sami 50. Kawar da ido, wanda kusan ko'ina a duniya ake ɗauka alamar ƙarya ce, bincike bai same shi da wata alaƙa ta kirki da ƙarya ba. Wanda ya shirya ƙaryarsa ya san ana duba ido, sai ya kafe ka da nasa. Mai sunkuyar da kai kuwa yana iya zama mai kunya, ko wanda ya taso inda ake ganin zura wa na gaba ido rashin ladabi ne, ko mai in'ina da yake kokawa da kalma, ko wanda yake amsawa da harshen da ba nasa ba yana fassara a ransa kafin ya furta. Akwai kuma masu otizim, lalurar da take shafar yadda mutum yake hulɗa da jama'a, waɗanda haɗa ido yake yi musu nauyi ƙwarai, cikinsu kuwa har da masu tsananin kula da aiki. Duk waɗannan dokar "kalli idonsa" takan zubar da su tun a bakin ƙofa.

Abin da muka fi mantawa shi ne ɗakin kansa. Mutum yana zaune shi kaɗai, mutum uku ko biyar suna fuskantarsa, abincinsa da na iyalinsa yana hannunsu, su ne masu tambaya, su ne suka san amsar da suke so. A 1977 Lee Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka yi wani gwaji mai sauƙi. Aka jefa ƙuri'a, ɗalibi ɗaya ya zama mai tambaya, ɗaya mai amsa. Mai tambaya ya tsaro tambayoyi masu wuya daga abin da shi ya sani, mai amsa ya yi ta faɗuwa. Kowa ya ga yadda aka yi rabon, amma da aka tambayi 'yan kallo, sai suka ce mai tambayar ya fi ilimi. Har masu amsar ma haka suka ɗauka. Mun saba jingina wa halin mutum abin da yanayi ne ya jawo shi. Gumin da ke goshin mai neman aiki labarin kujerar da yake kai yake bayarwa. A ɗora ɗan kwamitin a kanta gobe, a gaban waɗanda ba su san shi ba, za a ga irin wannan gumin.

Sannan akwai wanda ɗakin yake yi wa daɗi. Delroy Paulhus, a Jami'ar British Columbia ta Kanada, ya haɗa ɗalibai rukuni-rukuni suna zama sau ɗaya a mako har mako bakwai, ya wallafa sakamakon a 1998. Masu ji da kansu da yawan kambama kai, a zaman farko an gan su a matsayin masu daɗin hulɗa, masu iyawa. Kafin zama na bakwai ra'ayin ya juye, ana ganinsu masu girman kai da fankama. Intabiyu kuwa zaman farko ne kullum, ba ya kaiwa na bakwai. Daga baya Paulhus da abokan aikinsa suka gwada abin a intabiyun gwaji, suka ga irin waɗannan mutane sun fi samun maki, waɗanda kuma suka taso cikin tarbiyyar ƙanƙan da kai sun fi yin ƙasa. Idan ma'aikata ta wayi gari cike da masu baki da ƙarancin aiki, ta duba ƙofar da ta shigo da su.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jason Dana da Robyn Dawes da Nathanial Peterson a 2013. An ba ɗalibai makin da wasu ɗalibai suka ci a baya, aka ce su yi hasashen makin da za su ci a zango mai zuwa. Wasu an bar su da takarda kawai, wasu an ba su damar yin hira da ɗalibin. Waɗanda suka yi hirar sun fi yin kuskure. A wasu hirarrakin ma tambayoyin na "e" ko "a'a" ne, kuma an umarci mai amsa a asirce ya riƙa amsawa barkatai bisa wata ƙa'ida ta haruffa da ba ta da alaƙa da gaskiyarsa. Masu tambayar ba su gane ba. Sun fita suna jin sun fahimci mutumin, domin ƙwaƙwalwa takan ɗinke labari da duk ƙyallen da aka miƙa mata. Irin wannan ya taɓa faruwa a zahiri. A 1979 majalisar jihar Teksas ta umarci makarantar koyon likita ta Houston ta ƙara ɗalibai 50 a kan 150 da ta riga ta zaɓa. Lokaci ya ƙure, waɗanda suka rage su ne waɗanda masu intabiyu suka ba maki ƙasa-ƙasa, dole aka kwashe su. Da aka bi sawunsu shekaru bayan haka, ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da zaɓaɓɓun farko ba, a jarrabawa ko a aikin asibiti.

Me ya sa to bayanin rukunin hali yake shiga rai haka? Bertram Forer ya amsa wannan tun 1948. Ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, ya miƙa wa kowa takardar da ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki wajen 4.3 cikin 5 na dacewa da su. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolinta daga wani littafin duban taurari. Magana irin "wani lokaci kana son jama'a, wani lokaci kana son kaɗaici" riga ce da take shiga kowa.

Duk da haka ban ce a rufe ɗakin intabiyu ba, kuma ban ce magana ba ta nuna hali ba. Tana nunawa, in an saurari abin da aka faɗa fiye da salon da aka faɗe shi. Idan na ce wa mutum ya ba ni labarin ranar da aiki ya cuɗe masa, ina sauraron ko akwai rana da wuri da mutane a cikin labarin, ko kuwa "ni mutum ne mai haƙuri" kawai zan ji. Ina sauraron ko ya iya raba abin da shi ya yi da abin da abokan aikinsa suka yi, bai cinye nasu ba, bai kuma ɓuya a bayansu ba. Idan na ce, "Sai kuma aka yi yaya?" sau biyu sau uku, labarin gaskiya yakan ƙara faɗi, na aro kuwa yakan ƙare ya fara maimaita kansa. Ina lura da yadda yake ambaton tsohon maigidansa da waɗanda suke ƙarƙashinsa. Ina girmama wanda ya iya cewa "wannan ban san shi ba, amma ga yadda zan nemo". Ko waɗannan ma alamu ne da suke sa in ƙara tambaya, ba su isa hukunci ba. Ƙidayar kalmomi kuwa sai da hattara. James Pennebaker na Jami'ar Teksas da ɗalibansa, da suka yi shekaru suna ƙirga ƙananan kalmomi a maganar masu jin Ingilishi, sun ga cewa na sama a muƙami ya fi rage cewa "ni", na ƙasa ne ya fi yawaita ta, haka ma mai fama da damuwa. Wannan kishiyar abin da ake koyarwa a bita ne, kuma mai neman aiki ai shi ne na ƙasa a wannan ɗaki.

Hanyar gyara ba sabuwa ba ce. A 1955 aka ba wani matashin hafsa mai shekara 21, Daniel Kahneman, aikin gyara yadda rundunar sojan Isra'ila take tantance sababbin kurata. Ya tarar masu intabiyu suna hira yadda suka ga dama, su fito da ra'ayi, ra'ayin kuma ba ya hango komai. Sai ya ware siffofi shida, ya rubuta tambayoyi a kan abubuwan da mutum ya yi a rayuwarsa ta yau da kullum, ya ce a ba kowace siffa maki daga 1 zuwa 5, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallaka. Masu intabiyun suka yi ƙorafin an mai da su injina. Ya ce to, bayan sun gama duka, su rufe ido su ba da makin da zuciyarsu ta raya musu. Sabon tsarin ya fi tsohon nesa, kuma makin zuciyar nan ma, da yake ya biyo bayan tattara hujja, ya zama mai amfani. Wannan matashi shi ne ya sami kyautar Nobel a 2002. Bincike na baya ya ƙarfafa abin da ya gani: Frank Schmidt da John Hunter a 1998, da suka waiwayi aikin shekara 85, sun sami tsararren intabiyu ya fi na kara-zube, Paul Sackett da abokan aikinsa kuma da suka sake lissafin a 2022 suka sa shi a sahun farko cikin hanyoyin zaɓen ma'aikaci. Tsararre yana nufin tambayoyi iri ɗaya ga kowa, masu alaƙa da aikin, da ma'aunin maki da aka amince da shi tun kafin kowa ya shigo. A haɗa da ba mutum ɗan samfurin aikin ya yi a gani, sai an gwada akan san na ƙwarai, a kuma tuntuɓi waɗanda suka yi shekaru suna aiki da shi, domin su ne suka kai zama na bakwai.

Na san abin da yake sa mutane ƙin wannan tsari. Yana rage wa mai intabiyu jin cewa yana da wata baiwa ta karanta mutane, kuma wannan ji yana da daɗi. Amma haƙƙin wanda yake zaune a kujerar can ya fi jin daɗina nauyi.

Abin da yake ba ni tsoro yanzu shi ne tsohon zaton ya koma cikin na'ura. An yi manhajojin da suke ɗaukar bidiyon mai neman aiki, su auna motsin girarsa da karkacewar leɓensa da amon muryarsa, su fitar da maki. Kuskuren ɗan kwamiti mutum goma yake shafa, na manhaja kuwa dubbai, kuma babu wanda za ka kama ka tambaya. A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu suka bi bincike sama da dubu, suka kammala cewa ba a iya dogara da motsin fuska a san abin da mutum yake ji, balle halinsa. Kamfanin HireVue, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, ya sanar a farkon 2021 cewa ya daina auna fuska. Tarayyar Turai kuma, a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira ta 2024, ta haramta amfani da na'ura wajen hasashen abin da mutum yake ji a wuraren aiki da makarantu, in ba don lafiya ko kariya daga haɗari ba, haramcin ya fara aiki a Fabrairun 2025. Na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Sai dai ina ganin abin da aka hana na'ura, mu ma masu zama a kwamiti ya kamata mu hana kanmu, domin daga wurinmu ta koya.

A kwamitin da nake zama yanzu, sharaɗi ɗaya nake roƙo kafin a fara: idan mai neman aiki ya fita, kada kowa ya ce uffan sai kowa ya rubuta makinsa a kan kowace tambaya, ya kife takardar. In ba haka ba, duk abin da babba ya fara faɗa shi sauran za su bi. A zaman da muka yi kwanan baya, bayan an buɗe takardu, wani abokin aikina ya ce game da wani saurayi, "Ni fa yaron nan bai kwanta mini ba, sanyinsa ya yi yawa." Na ce, "Malam, a cikin amsoshinsa shida, wacce ce ba ta yi ba?" Ya duba takardarsa, ya ga da hannunsa ya ba shi huɗu ko biyar a kowacce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a kira yaron zagaye na biyu, a ba shi aikin ya yi a gabanmu.